Kwanan Matafiyi Shi Kaɗai Cikin Mota A Tsakiyar Hunturu

Ya jama'ar masu karatu, malamai da almajirai da fatake, ku sani ɗari ya sauka. Gaisuwar mutane a Kasuwar Daji da Ƙauran Namoda ta koma, "Ina sanyi?" a amsa, "Lokacinsa ne." Hazo ya rufe gari, har rana ta kan yi hantsi tana kamar farin wata, mutum ya dube ta ido da ido ba ta kashe masa gani ba. Leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, man kaɗe ya yi daraja. Mai gida da ɗaki da iyali, wannan duka abin 'yan makonni ne gare shi, ya ƙara bargo ya wuce wurin. Amma akwai wani bawan Allah wanda ba a cika tunawa da shi ba, watau wanda dare ya riska a hanya, ba shi da masauki sai motarsa, ba shi da abokin kwana sai kayan da ya ɗauko. Maganar yau tasa ce.

Irin wannan mutum yana da yawa a wannan yanki, dalilin yawansa kuwa a fili yake. Kaka ba ta ƙarewa sai sanyi ya kawo kai, saboda haka lokacin da gero da dawa da wake da gyaɗa da auduga suka fi cika kasuwa, shi ne lokacin da dare ya fi tsanani. Mai kanta ya yi lodi a Kasuwar Daji, bai gama ɗaure tamfol ba sai la'asar sakaliya. Falke mai nufin cin kasuwar Shinkafi ta ran Alhamis ya kan taso tun Laraba don ya kwana kusa. Wani kuwa a-kori-kurarsa ce ta mace masa tsakanin Ƙaura da Moriki, ya aiki yaron mota Gusau neman kayan gyara, yaro bai komo ba har magariba, shi kuma ba ya iya barin dukiyar mutane a bakin hanya ya tafi. A da direba ya kan yi tafiyar dare ya kwana gida. Tun wajen shekarar 2011 da fitinar 'yan bindiga ta kunno kai a ƙasar Zamfara, tafiyar dare a hanyar Shinkafi, da ta Zurmi zuwa Jibiya, ta zama abin da mai hankali ba ya yi da ganganci. A watan Satumba na 2021 har kasuwannin mako da layukan waya aka rufe na wani lokaci saboda wannan fitina. An buɗe su daga baya, amma al'adar tsayawa inda magariba ta sami mutum ta zauna daram.

Fataken farko, masu jakuna da takarkarai, waɗanda suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro, sun fi na yanzu shan wuya ta ko wace fuska sai fuska guda: ba su san kwanan kaɗaici ba. Ayari ne, da madugu da jagaba da uban dawaki. In an isa zango a sauke kaya, a jera su su zama kamar katanga ta wajen da iska ke bugowa, a yanko ciyawa a kafa 'yan bukkoki, a hura wuta a fili, dabbobi na nan kusa suna ba da nasu ɗumin. Wani na barci, wani na tsaro. Wanda ya yi nishi cikin dare, akwai kunnen da zai ji shi. In kuwa gari aka sauka, ga mai masauki, ga zaure. Da jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda daga Zariya a 1929 tafiya ta sake kama, amma ko a tashar jirgi cikin jama'a ake kwana. Mota ce ta zo ta wargaza ayari, ta ba kowa nasa ɗan ɗaki na ƙarfe da gilashi, mai ƙofa da makulli. Ta mai da masa tafiyar mako ta yini guda, ta kuwa ɗauke masa maƙwabci.

Watakila wani mai karatu ya ce, wane irin sanyi ne a ƙasar Hausa har da za a ɓata tawada a kansa? To, masu hisabi na ƙasashen Magrib, waɗanda malaman ƙasar nan suke tarayya da su cikin lissafin watannin ajami, suna da darare 40 da suke kira Layali. Farkonsu 12 ga Dujambar na ajami, watau 25 ga Disamba a lissafin Bature, ƙarshensu 2 ga Fabrairu. Cikin waɗannan darare ne ɗari ke kai matuƙa a can, nan ma kusan haka abin yake. Iska ce busasshiya daga arewa maso gabas, ta ratso Sahara, ta kwaso ƙura mai yawa daga wani kwari da ake kira Bodele a ƙasar Cadi, wanda a zamanin da gindin wani babban tafki ne. Da yake ba ta da laima, sama kuma ba girgije, zafin da ƙasa ta sha da rana ba shi da murfi, da rana ta faɗi sai ya yi ta tserewa sama. Shi ya sa a ƙasar Gusau da Ƙaura ma'aunin zafi ya kan haura digiri 30 da azahar, kafin asuba ya sauko wajen 14 ko 13, wani dare ma ƙasa da haka, musamman a fadama da bakin gulbi, irin su Gagare da Bunsuru, inda sanyi ke gangarawa ya kwanta tamkar ruwa. Mafi tsananinsa kuwa gab da fitowar rana ne, sa'ad da barcin matafiyi ya yi nauyi, tuwon da ya ci da isha ya daɗe da narkewa.

Tarihi ma ya ajiye shaida. A watan Disamba na 1823 waɗansu Turawan Birtaniya biyu, Kilafaton, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da sunan Abdullahi, da abokinsa Likita Udni, suka taso daga Kukawa ta Barno tare da ayarin fatake, suka nufo Kano. A ƙarshen watan suka wayi gari wata safiya ruwan cikin salkunansu ya daskare don sanyi. Udni dama yana fama da ciwon ƙirji, sanyin ya ƙara masa, ya rasu a Murmur kusa da Katagum ran 12 ga Janairu 1824. Kilafaton ya ci gaba, ya ratsa ƙasar Zamfara, ya isa Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a watan Maris. Dare ɗaya suka kwana, sanyi ɗaya suka sha, mai lafiya ya wuce, marar lafiya ya kwanta. Haka ɗari yake har yanzu, ya fi neman tsoho, da mai tari, da mai jin yunwa, da wanda zazzaɓi bai gama sakinsa ba. Masu wucewa arewa kuwa, ta Maraɗi zuwa Agadas da duwatsun Azbin da Bilma, su sun san akwai daren da ruwa ke daskarewa a can har wa yau.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, mota ba ta da ɗumin kanta. Ɗakin ƙasa, katangarsa mai kauri ta kan sha rana wuni guda, sa'an nan ta riƙa sakin ɗumin sannu-sannu har asuba. Mota kuwa fallen ƙarfe ce da gilashi, ƙarfe kuwa mai saurin ɗaukar zafi ne, mai saurin sakinsa. 'Yan sa'o'i bayan an kashe inji, cikin mota da wajenta sun kusa zama ɗaya. Amfaninta shi ne tare iska, kuma wannan ba ƙaramin amfani ba ne, gama iska ce ɓarauniyar ɗumin jiki, amma iyakarsa ke nan. Direba ya shiga da isha ya ji ɗumi-ɗumi, ya kwanta da 'yar shara, ya farka wajen ƙarfe 3 haƙora na haɗuwa. A wannan sa'a ce, cikin magagi, yake yanke shawarar da ta fi ko wace haɗari a tafiyarsa duka.

Gama sanyin wannan ƙasa shi kaɗai, da wuya ya kashe baligi mai lafiya wanda ya ci ya ƙoshi ya rufa. Abin da ya fi kisa shi ne maganin da ake nemar wa sanyin. Mutum ya karɓo garwashi wurin mai shayi ko mai tsire, ya zuba a kasko ko tsohuwar langa, ya ajiye wajen ƙafafunsa, ya ɗage gilasai duka, ya toshe kafofi da tsumma. Ya dubi garwashin, ja wur, ba hayaƙi, ya ce ai wannan ya gama cin kansa, ba shi da sauran illa. Alhali kuwa gawayi in yana ci a wurin da iska ta yi ƙaranci, ya kan fitar da wata iska mai guba wadda likitoci ke kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari ko hawaye. Hayaƙin ɗanyen itace ma ya fi ta amana, don shi ya kan shaƙe mutum ya tashe shi ya kore shi waje. Ita kuwa in ta shiga huhu sai ta kama jini, ta zauna a gurbin iskar oksijin wadda jini ke kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya, kamunta kuwa ya fi na oksijin ƙarfi fiye da sau 200. Kan mota bai kai rabin ƙaramin ɗaki ba, saboda haka ba ya daɗewa bai cika ba.

Farkon alamarta ciwon kai ne, da jiri, da tashin zuciya, da kasala, da barci. To, wane direba ne da ya wuni yana lodi cikin ƙura zai yi mamakin ciwon kai da barci? Sai ya ce gajiya ce, ya gyara kwanciya. In ma ya farga daga baya, jikinsa ya riga ya mutu, hannun ƙofa na nan dab da shi amma ba ya iya miƙa nasa. Da safe a same shi kwance, ba rauni ba jini, kaya na nan, kuɗi na nan cikin aljihu. Sai ka ji ana cewa iska ce ta taɓa shi, wurin da ya tsaya ba shi da kyau, ai ga tsamiya can. Lalle iska ce, amma ta kasko ce, tsamiya ba ta san an yi ba.

Wannan magana ta shafi malaman makarantun allo ma, ko da ba su da mota. Wutar karatu da almajirai ke kewayewa da dare a fili take, shi ya sa take lafiya, sai dai a kula da tufafi. Ranar da yara suka kwashi garwashinta suka shiga da shi zaure ko shago suka ja ƙofa, sun shiga halin direban nan sak, kuma jikin yaro ya fi na babba saurin karɓar guba.

Ƙanin kasko shi ne inji. Wanda motarsa ke da hita ya kan ce ya bar ta tana aiki ya ɗan runtsa. Hayaƙin salansa kuwa yana ɗauke da wannan guba, ita ce dai wadda ke cikin hayaƙin janareto, da a kan ji ya hallaka iyali guda a ɗaki cikin dare. Mota in tana gudu iska na kwashe hayaƙin ta yar baya. In tana tsaye, salansa ta tsufa ta huje, ƙasan mota ya yi tsatsa, ko an jingina gindinta da katanga, ko wata gingimari na gefe an bar injinta na ruri, hayaƙin ya kan taru ƙarƙashi ya sulalo ciki ta inda ba a zato. Duniya ta ga misalin wannan a ƙasar Pakistan, a wani gari na kan duwatsu mai suna Murri, ba nisa da Islamabad. A daren 7 ga Janairu 2022 dusar ƙanƙara ta tare dubban motocin masu zuwa kallo a kan hanya. Mutane suka rufe gilasai, suka bar injuna na aiki don ɗumi, dusar ta binne bakin salansa. Da gari ya waye aka fitar da gawa fiye da 20 daga cikin motoci, har da ƙananan yara, da yawansu hayaƙi ne ajalinsu.

A Turai da Amurka da Kanada akwai mutanen da suke da gidajensu lafiya lau, amma su ɗauki mota su kaɗai su shiga daji lokacin ƙanƙara su kwana ciki, wai don shaƙatawa. Ko wace ƙasa da irin nata abin mamaki. Sai dai tun da su da gangan suke zuwa, sun yi wa abin shiri na ilmi. Suna da buhun barci mai kauri wanda mutum ke shiga ya zuge, da shimfiɗa mai hana sanyin ƙasa hawowa, da wata 'yar na'ura mai batir wadda ke ƙara in gubar nan ta taru. Ƙa'idodin da suka fi nanatawa kuwa ba sa cin ko kwabo: kada a kwana da wuta a ciki, kada a kwana inji na aiki, a bar kafa a gilashi, a kuma gaya wa wani inda za a kwana.

Wannan ta ƙarshe ita ce uwar maganar, malamai kuwa ba baƙuwa ba ce gare su. Buhari ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar gargaɗin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da tafiyar mutum shi kaɗai da dare. Buhari da Muslimu kuma sun ruwaito cewa wani gida ya ƙone da mutanensa a Madina cikin dare, da labari ya kai gare shi ya yi umurni da a riƙa kashe wuta in za a kwanta. Sai dai a lura, mutum biyu cikin kan mota guda da kasko guda ba su tsare wa juna komai ba, guba ɗaya za su sha. Abokin da ke da amfani shi ne wanda yake waje, ya san akwai mutum a ciki. Saboda haka tsofaffin direbobi, in sun tsaya a tasha, kafin su kwanta sai sun je teburin mai shayi ko wurin mai gadi sun ce, "Baba, ina cikin waccan mai koren tamfol, in ka tashi salla ka buga mini." Shi kuwa ya ce, "To, maigida, Allah ya tashe mu lafiya." Wannan 'yar magana ita ce abin da ya rage na tsarin zango.

Akwai kuma waɗanda ke neman ɗumi daga ƙwaya. Tiramol da maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin Nijeriya ta hana yinsa da shigo da shi a 2018, ba sa ƙara wa jiki ɗumi ko kaɗan. Abin da suke yi shi ne su kashe jin sanyin, su nauyaya barci, su rage numfashi. Makyarkyatar da ke tashin mutum cikin dare mai gadi ce Allah ya sa masa a jiki. Wanda ya sha ƙwaya ya bugar da mai gadinsa ke nan.

To, yaya masu wayon hanya suke yi? Farkon dabararsu tun da rana take. Su kan auna tafiya don magariba ta same su cikin gari, Ƙaura ko Shinkafi ko Zurmi, a tasha ko kusa da masallaci, inda akwai fitila da idon jama'a, ko da hakan zai sa a bar sauran tafiyar sa'a guda sai gobe. Dalili kuwa biyu ne a haɗe. A cikin gari mutum na iya jin ɗumin wuta a fili tare da 'yan'uwansa, nesa da jarkar fetur da tamfol da buhunan auduga, in ya gama ya bar ta a can. A daji kuwa, a wannan zamani, wuta kiran baƙi ce, ana hango ta daga nesa. Wanda mota ta mace wa a can ba shi da wuta, ba shi da maƙwabci, wani lokaci ma ba shi da layin waya. Shi ya sa dubawar taya da batir da ruwan lagireto kafin a bar Kasuwar Daji tana cikin shirin kwana, ko da ba a ganinta haka.

In an tsaya, a juya mota yadda gefen da za a bar wa kafa ba zai fuskanci gabas ko arewa ba, sa'an nan a sauke gilashi misalin faɗin yatsa. Wannan kafa, ban da iskar shaƙa, tana fitar da laimar numfashi, wadda in ta taru ta kan jiƙa gilashi da bargo, jiƙaƙƙen bargo kuwa abokin sanyi ne. Rigar da aka yi gumi cikinta wajen lodi a tuɓe ta a sa busasshiya, ko da tsohuwa ce. Riguna uku marasa kauri sun fi guda mai kauri, don iskar da ke tsakaninsu ita ce ke riƙe ɗumi. Kai da wuya da kunne a naɗe su da rawani ko hular sanyi, ƙafa a sa mata safa. Buzaye da ke kwana a Sahara ba don ado kaɗai suke naɗa rawani har hanci ba.

Abin da aka fi mantawa shi ne ƙarƙashi. Mutum ya tara barguna biyu a sama, ya kwanta a kan ƙarfen bodi ko kujerar roba da tabarma fallen ɗaya, sa'an nan ya yi mamakin yadda sanyi ke shigarsa ta haƙarƙari. Abin da ke ƙasa nauyin jiki ya danne shi, ƙarfe na tsotse ɗumi ta nan dare farai. Kwali biyu ko uku, ko buhunan algarara, ko buzu irin na malamai, in an shimfiɗa su a ƙasa sun fi ƙarin bargo a sama. Wanda ya san wannan ya kan fi mai bargo mai tsada barci. A ci abinci mai nauyi kafin kwanciya, tuwo ko ɗanwake ko shinkafa da wake, a bi da kunu ko shayi mai citta da kanumfari, gama ciki shi ne murhun jiki. In ana son ɗumi wajen ƙafa, ga hanyar da ba ta da guba: a karɓi ruwan zafi wurin mai shayi, a zuba a gora mai ƙwarin murfi, a naɗe da tsumma a sa cikin bargo. Waya kuma a sa ta cikin aljihun ciki, don sanyi na saurin cinye cajinta.

Masu manyan motoci da yaransu suna da wata al'ada, ta shimfiɗa tabarma ƙarƙashin mota. Da bazara tana da daɗi. Da hunturu kuwa ƙarƙashin mota lungu ne da iska ke bi ta wuce da gudu, ga ƙasa na tsotso daga baya. Banda haka, an sha jin wanda aka tayar da mota da asuba yana ƙarƙashi ba a sani ba. Wanda lalura ta sa shi haka, ya tabbata an sa waji gaba da bayan taya, makulli kuwa yana aljihunsa ko aljihun wanda ya san yana nan.

Ya kamata ko wane ɗan tasha ya san alamar wanda sanyi ya ci ƙarfinsa. Zafin jikin ɗan Adam digiri 37 ne. In ya sauka ƙasa da 35 an shiga haɗari. Muddin mutum na makyarkyata yana magana daidai, jikinsa na faɗa. In makyarkyata ta tsaya alhali jikin na nan sanyi ƙalau, harshe ya yi nauyi, yana tangaɗi kamar mashayi, yana cewa a ƙyale shi ya kwanta, to abin ya yi nisa. A shigar da shi inda ba iska, a cire masa duk abin da ya jiƙe, a rufe ƙirji da wuya da kai tukuna, a ɗumama shi sannu a hankali. Kada a kai shi bakin gagarumar wuta, kada a yi ta murza masa hannu da ƙafa. In yana cikin hayyacinsa a ba shi abu mai ɗumi da sukari. Wanda kuwa aka samu cikin mota da kasko ko inji na aiki, an buga bai amsa ba, kada a tsaya neman izini ko jiran mai mota, a fasa gilashi, a buɗe ƙofofi duka, a jawo shi fili a kwantar da shi ta gefe. Kada a ɗura masa manja ko madara yana sume, ba sa cire wannan guba, sai dai su bi ta hanyar numfashi su shaƙe shi. Maganinta oksijin ne, a asibiti yake, a garzaya da shi babban asibitin Ƙaura ko na Gusau, ko da ya farfaɗo a hanya ya ce ya warke, gama illarta ga ƙwaƙwalwa da zuciya ta kan ɓoye ta fito daga baya.

Sauran mas'alar da matafiya suka fi yawan kawo wa malamai a wannan lokaci ita ce ta ruwa da asuba. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaure, tun daga Ahalari har Risala, duka sun kawo babin taimama, kuma tsoron kamuwa da cuta ko ƙaruwarta saboda taɓa ruwa yana cikin uzurorin da malaman mazhaba suka karɓa. Abu Dawuda ya ruwaito labarin Amru ɗan Asi a yaƙin Zatus Salasil, shekara ta 8 bayan Hijira, da wanka ya kama shi a wani dare mai tsananin sanyi, ya ji tsoron halaka, ya yi taimama ya ba mutanensa sallar asuba, da aka kai magana Madina ba a zarge shi ba. Amma ƙyamar ruwan sanyi kurum ba uzuri ba ce, wanda kuma yake da halin ɗumama ruwa, uzurinsa ya faɗi. Mai kwana a tasha, ga tukunyar mai shayi na tafasa tun kafin kiran farko, ya kai butarsa a surka masa. Mai kwana a daji da tari a ƙirji, shi ne wanda sauƙin ya dace da shi. Ya sani kuma a mazhabar Maliku ba a taimama a kan tabarma ko katako ko kujerar mota, sai a kan ƙasa ko yashi ko dutse, shi ya sa ake ganin ɗan dutse sumul cikin aljihun motar waɗansu direbobi.

Da gari ya waye, mota ma ta sha nata sanyin. Batir ya kan yi rauni, baƙin mai ya yi kauri, tsohuwar mota ta yi ta tari ba ta tashi ba. Don haka ne gwanaye tun da dare suke tsayar da ita a ɗan gangare, hancinta na duban ƙasa, in ta ƙi makulli mutum biyu sun isa su tura ta. In ta tashi a bar ta ta ɗan yi ɗumi gilasai a buɗe, a goge ƙurar gilashin gaba da fitilu. Sa'an nan ba a fita da duku-duku, ga hazo na rage gani, ga daji ba a san yadda ya kwana ba. Direbobi su kan tsaya bakin gari, shayi a hannu, har sai motar farko ta ɓullo daga wancan gefe, a tsai da ita a tambaya, "Yaya hanya?" In an ce lafiya, sai a jeru, mota biyar ko shida, a kama hanyar Shinkafi tare.

Tamat.